Mako Guda a Barbados: Nazarin Hutun Wani Iyali Tsakanin Bakin Teku da Gandayen Rake

Lamarin da za a duba a nan shi ne hutun mako guda da wani iyali mai mutum uku ya yi a tsibirin Barbados cikin watan Fabrairun 2023, lokacin da makarantun Ingila, inda suke zaune, suka ba da gajeren hutun tsakiyar zango. Maigidan malamin sakandare ne, uwargidan ma'aikaciyar jinya ce, sai 'yarsu budurwa da ke shirin jarrabawar kammala makaranta. Tun kafin a yanki tikiti bakinsu bai zo ɗaya ba a kan manufar tafiyar. Uwargida, wadda ta kwashe watannin hunturu tana aikin dare a asibiti, ba ta neman komai sai rana da ruwan ɗumi da isasshen barci, shi kuwa maigida ya ɗauki tafiyar a matsayin damar ganin ƙasar da Ingila ta fara kafa manyan gandayen rake da gumin bayi. Sulhun da suka yi shi ne a raba kowace rana biyu: safiya ta tarihi, yamma ta bakin teku.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne wannan rabo bai ɗore ba, kuma ba rigima ce ta rushe shi ba. Tsibirin ne bai yarda da rabon ba, domin rairayin da ake kwanciya a kai da gandun da ake zuwa kallo tarihi ɗaya ne ya ƙulla su. Akwai kuma abu na biyu da ya fito fili sannu a hankali: abin da baƙo mai mako guda ke gani na tarihin Barbados ya dogara ne a kan abin da aka gina da dutse ya tsaya har yau, kuma masu gini da dutse a wancan zamani su ne iyayengiji.

Tsibirin da shirin tafiyar

Barbados tana can gabas da sauran tsibiran Karibiyan, ita kaɗai cikin Tekun Atalantika. Girman ƙasarta kimanin murabba'in kilomita 430 ne, tsawonta kilomita 34, faɗinta 23, mutanenta kuma ba su kai 300,000 ba, wanda ya sa mai duba taswira zai ɗauka mako guda ya isa a gama da ita. Saɓanin maƙwabtanta da suka samu daga aman wutar duwatsu, mafi yawan ƙasarta dutsen murjani ne mai kama da farar ƙasa, shimfiɗaɗɗe, kuma tudunta mafi tsawo, Hillaby, bai wuce mita 340 ba. Wannan yanayin ƙasa shi ya ba ta farin rairayi da garai-garai ɗin ruwan da ake tallata ta da su a yamma da kudu. Shi ne kuma ya ba Turawa damar sare kusan dukan dajin tsibirin cikin 'yan shekarun farko na noman rake su shuka shi daga gaɓa zuwa gaɓa, har bawan da ya gudu ya rasa duwatsun da zai fake a ciki irin waɗanda gudaddun bayin Jamaika suka samu.

Iyalin sun sauka a filin jirgin sama na Grantley Adams bayan tafiyar kusan awa tara daga Landan, suka kama hayar ɗaki biyu mai kicin a gaɓar kudu, kusa da Rockley, maimakon otal. Dalilinsu biyu ne: tsada, da kuma son su dafa abincinsu da kansu. Barbados ba ƙasar arha ba ce, domin yawancin abin da ke kan kantunanta shigo da shi ake yi, kuma tun 1975 aka ɗaure kuɗinta a kan dala biyu ta Barbados daidai da dalar Amurka ɗaya. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne motocin haya: shuɗayen bas na gwamnati, da rawayen ƙananan bas, da fararen motocin da ake kira ZR, dukansu a kan dala 3.50 ta Barbados komai nisan zangon. Tun a gida kuma aka cire wani wando mai zanen kakin soja daga jakar yarinyar, saboda dokar ƙasar ta haramta wa farar hula sa irin wannan tufa.

Carlisle da Bridgetown

Rabon safiya da yamma ya fara karyewa ne tun a fitarsu ta farko. Da asuba suka gangara bakin tekun Pebbles, a kudancin mashigin tekun Carlisle, domin ganin barorin dawakin sukuwa na filin Garrison Savannah suna kai dawakinsu wanka. Baran doki yakan ja linzami ya shiga ruwan har ya kai masa ƙirji, dokin na biye da shi yana huci, can sai ƙafafunsa su bar ƙasa, ba a ganin komai sai kai da geza suna tafiya a saman ruwa. Idan sun fito sai a goge masa jiki da hannu, a bar shi ya yi birgima a rairayi. Da hantsi iyalin suka shiga ƙaramin jirgin ruwa zuwa tsakiyar mashigin, inda ake iyo a kan tsofaffin jiragen da suka nutse, kifaye da kunkurayen teku suna wucewa dab da mutum.

Wannan mashigi dai sunan wani basaraken Ingila, Earl na Carlisle, yake ɗauke da shi, wanda Sarki Charles na Ɗaya ya ba wa tsibirin a 1627, kuma nan ne babbar matsayar jiragen ruwa a duk zamanin mulkin mallaka. Saboda yadda iska ke kaɗawa daga gabas, Barbados ce kan zama zangon farko ga yawancin jiragen Ingila da suka taso daga gaɓar Afirka ta Yamma da bayi, inda ake sayar da wasu a nan a wuce da wasu zuwa sauran yankuna. Suna cikin jirgin yarinyar ta dubi gaɓa ta ce, "Abba, to ai nan ke nan aka sauke su." Ya ce mata nan ne. Uwargida, wadda ta ɗauka sa'arta ce ta hutu, ita ce ta ci gaba da tambayar daga waɗanne yankuna aka kawo su, aka ce mata mafi yawa daga gaɓar da ke Ghana a yau, da gaɓar Benin, da ta kudu maso gabashin Nijeriya.

Tsohon garin Bridgetown da barikinsa suna cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2011, kuma ana iya zaga su da ƙafa cikin rabin yini. Majalisar dokokin tsibirin ta samo asali tun 1639, ko da yake ta shafe ƙarnoni ba mai shiga cikinta sai masu ƙasa da dukiya, kuma sai a zaɓen 1951 kowane baligi ya samu ƙuri'a. A dandalin da ke gabanta iyalin ba su tarar da mutum-mutumin Nelson, shahararren kwamandan sojan ruwan Birtaniya, ba, wanda aka kafa a 1813, kusan shekara talatin kafin na Landan. An sauke shi ranar 16 ga Nuwamban 2020, shekara guda kafin ƙasar ta zama jamhuriya. Sun leƙa wurin ibadar Yahudawa na Nidhe Israel, wanda aka fara ginawa a 1654, na mutanen da suka baro Burazil bayan Fotugal ta ƙwace yankin da Holan ke riƙe da shi, kuma ta wannan hanya ta Burazil da fataken Holan ne dabarun sarrafa rake suka iso Barbados. A yankin barikin akwai gidan da George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya sauka a 1751 tare da ɗan'uwansa mai jinya, inda ya kamu da agana. Bai cika wata biyu a tsibirin ba, amma gidan na nan an adana shi, abin da dubban mutanen da suka ƙare rayuwarsu a gandayen ba su samu ba.

Gaɓar yamma da maganar ƙasa

A Holetown, inda Turawan Ingila kimanin 80 suka sauka ranar 17 ga Fabrairun 1627 tare da wasu 'yan Afirka kusan goma da suka kama a hanya, iyalin sun yi katari da bikin da ake yi kowace shekara a wannan mako domin tunawa da saukar. Ginshiƙin tunawar da ke bakin titi 1605 aka rubuta a jikinsa a matsayin shekarar zuwan Ingilishi na farko, alhali 1625 ce. Daga nan zuwa Speightstown gaɓar tana kwance luf, ruwan ba ya hayaniya, kuma nan ne otal-otal mafi tsada suke. Abin kula kawai shi ne bishiyar manchineel mai guba, wadda ake yi wa jan fenti a gindi, domin ko fakewa a ƙarƙashinta lokacin ruwan sama yana sa fata ta yi bororo.

A doka dukan bakin tekun Barbados na jama'a ne, babu otal ɗin da ke da ikon hana kowa zama a rairayi. A aikace kuwa, a wurare da dama na gaɓar yamma, sai mutum ya nemo wani ɗan siririn lungu tsakanin katangu biyu kafin ya kai ga ruwa, kuma wanda bai san lungun ba zai wuce a mota bai ma san teku na bayan katangar ba. Uwargida ce ta lura da haka, ta kuma lura cewa mutanen ƙasar sun fi yawa a bakin tekun kudu, irin su Brownes da Enterprise, musamman da sassafe da ranar Lahadi, inda tsofaffi ke tsayawa cikin ruwa har wuya suna hira. Tambayar wane ne ke da ƙasar da ke bayan rairayin ita ce ta mayar da yammacin hutu zuwa darasin tarihi, domin da yawa daga cikin filayen otal da na wasan golf tsofaffin gandaye ne. Sandy Lane, alal misali, gandun rake ne kafin a buɗe otal a wurin a 1961.

Maganar ƙasa ita ce jijiyar tarihin Barbados bayan 'yanta bayi. Dokar Birtaniya ta soke bauta daga 1 ga Agustan 1834, amma aka tilasta wa 'yantattun ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki da sunan koyon sana'a har 1838. Mutum kimanin 83,000 aka 'yanta a tsibirin, iyayengijinsu suka karɓi diyyar kusan fam miliyan 1.7 daga cikin fam miliyan 20 da majalisar Birtaniya ta ware, su kuwa bayin ba a ba su ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. A Jamaika ko Giyana wanda ya ƙi aikin gandu yana iya shiga daji ya sari gona, amma a Barbados babu dajin da ya rage. Saboda haka 'yantacce ya zama ɗan haya a gefen gandun da ya yi wa bauta, da sharaɗin ya riƙa yi wa mai gandun aiki, in ya ƙi a kore shi. Daga nan ne ƙananan gidajen katakon da ake kira chattel suka samo asali: gida ne da ake ɗorawa a kan tarin duwatsu ba tare da tushe ba, a haɗa shi yadda za a iya kwance shi a ɗora a amalanke a yini ɗaya idan mai ƙasa ya ce a tashi. Baƙi suna ɗaukar hotonsu saboda kyan fentinsu da 'yan tagoginsu, har an gina kantunan sayar da tsaraba a kan fasalinsu. Sai a 1980 aka yi dokar da ta ba mazauna irin waɗannan filaye haƙƙin sayen wurin da gidajensu ke zaune. Matsin ƙasar ne kuma ya riƙa tura mutane waje: 346 sun tafi Laberiya a 1865, cikinsu har da yaro Arthur Barclay wanda ya zama shugaban ƙasar a 1904, sannan dubbai suka tafi haƙar mashigin Panama a farkon ƙarni na 20.

Gidan ubangida da maƙabartar bayi

Tsakiyar makon ita ce ta fi ba da abin nazari, domin a rana ɗaya iyalin suka ziyarci wurare biyu da suka nuna bambancin abin da ake nunawa da abin da sai an nema. Barbados tana da tsofaffin gidajen masu gandu da dama, waɗanda suka fi daɗewa su ne Drax Hall da St Nicholas Abbey, dukansu na shekarun 1650. Iyalin sun shiga wani daban, irin wanda ake biya a ƙofa a bi jagora. An nuna musu doguwar teburin maɗaci da aka jera wa tangaran da cokulan azurfa, da gadaje masu rumfa, da kekunan doki, da bangon da aka yi wa kauri domin jure guguwa. Zagayen ya kai awa guda, amma mutanen da suka haƙa ramukan raken suka sare shi ba su samu fiye da 'yan mintoci ba. Ba lalle ne a ce da mugun nufi aka yi haka ba. Jagora yana bayani ne a kan abin da zai iya nunawa da yatsa, kuma bukkokin bayi, da aka yi da kara da laka da jinka, sun daɗe da komawa ƙasa.

Abin da zagayen bai faɗa ba shi maigida ya cike a cikin mota. Rake ya mamaye tsibirin ne daga shekarun 1640, inda wani mai gandu, James Drax, ke cikin na gaba-gaba, kuma da farko har da Turawa 'yan ƙwadagon yarjejeniya da fursunonin yaƙi daga Ailan da Sikotilan a gonakin, kafin a koma kacokan ga bayi daga Afirka, waɗanda kafin ƙarshen ƙarnin suka ninka Turawa fiye da sau biyu. Rake ba ya jira: idan an sare shi dole a matse shi cikin yini ɗaya ko biyu, in ba haka ba ruwansa ya yi tsami. Shi ya sa a lokacin girbi, daga farkon shekara zuwa tsakiyarta, injin matsa mai aiki da iska da ɗakin dafuwa ba sa tsayawa dare da rana. Mai cusa rake cikin injin yana iya rasa hannu idan gyangyaɗi ya ɗauke shi, mai juya tafasasshen ruwan rake daga babbar tukunyar tagulla zuwa ƙarama yana aiki cikin zafin da ke kashe mutum a tsaye. A 1661 majalisar tsibirin ta yi dokar da ta tsara yadda za a riƙe bayi da yadda za a hukunta su, ta bar su ba tare da kariyar shari'ar da Bature ke da ita ba, kuma wannan doka ce Jamaika da Karolina ta Kudu suka kwaikwaya daga baya. Wato tasirin wannan ɗan tsibiri ya kai har cikin tsarin bautar Amurka.

Da la'asar, a lokacin da aka ware wa teku, uwargida da kanta ta ce a tafi Newton. Babu motar yawon buɗe ido da ta kai su, sai da suka yi ciniki da direban tasi, shi ma sai da ya tsaya ya yi tambaya. Abin da suka tarar fili ne mai ciyawa a gefen gonaki, da 'yan tudu ƙanana da ido ba zai kula da su ba in ba an faɗa ba, da allon bayani. Wannan fili shi ne maƙabartar bayin gandun Newton a gundumar Christ Church, inda aka ƙiyasta an binne mutum kimanin 570, kuma yana cikin mafiya girman irinsa da aka gano a Karibiyan. A farkon shekarun 1970 masu bincike Jerome Handler da Frederick Lange suka tono ƙasusuwan mutum ɗari da 'yan kai. Wasu an fiƙe musu haƙora, alamar a Afirka aka haife su. Ƙasusuwa da yawa sun nuna yunwa tun ƙuruciya da gubar dalma, wadda ake dangantawa da kayan da ake sarrafa giyar rake da su. An samu wani dattijo da aka binne da abin wuya na wuri da haƙoran kare da duwatsun ado da ƙashin kifi, tare da lofen yumɓu irin na gaɓar Ghana, wanda ake kyautata zaton mai magani ne ko mai duba a cikin jama'arsa. A ƙarshen 2021 gwamnatin Firaminista Mia Mottley ta sanar da shirin gina wurin tunawa da cibiyar bincike kusa da filin, aikin da aka ba mai zanen gine-gine David Adjaye.

A ganina, wannan ziyara ta rabin awa ta fi zagayen gidan ubangida amfani, amma da sharaɗi: ta yi amfani ne domin akwai wanda ya karanta tun kafin a zo. Baƙon da aka sauke a Newton ba shiri zai ga ciyawa ne kawai ya koma mota.

Gabas, da Juma'a

Hanyar zuwa gaɓar gabas ta bi da su ta shataletalen da ke da mutum-mutumin 'yanci, wanda Karl Broodhagen ya sassaƙa aka ƙaddamar a 1985: ƙato ne ya ɗaga hannuwa sama da tsinkakkiyar sarƙa, jama'a kuma suna kiransa Bussa. Bussa shi ne wanda ake dangantawa da jagorancin boren da ya tashi daren Lahadin Ista, 14 ga Afrilun 1816, daga gandayen gundumar St Philip, kuma cikin waɗanda tarihi ya riƙe sunansu har da wata baiwa mai iya karatu, Nanny Grigg. Cikin 'yan kwanaki sojoji suka murƙushe boren, aka kashe ɗaruruwa, wasu a fagen faɗa wasu bayan shari'ar soja, aka kori wasu zuwa Saliyo. Hasumiyar Gun Hill, wadda ake hawa yau domin kallon shimfiɗar tsibirin, an gina ta ne a 1818 cikin jerin hasumiyoyin da ke isar da saƙo zuwa bariki, kuma tsoron sake tashin bayi yana cikin dalilan gina su.

Kwalejin Codrington, da dogon layin bishiyoyin da ke kaiwa ƙofarta, tana cikin wurare mafiya kyau a tsibirin. Christopher Codrington ya mutu a 1710 ya bar wa ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila gandayensa biyu da bayin da ke cikinsu, ƙungiyar ta ci gaba da noma da su fiye da shekara ɗari, har akwai lokacin da ake yi musu lalas da sunanta a ƙirji. Cocin Ingila ta nemi gafara a 2006, kuma watanni bayan wannan tafiya, a 2023, magajiyar ƙungiyar ta yi alkawarin fam miliyan 7 domin ayyuka a yankin. A Bathsheba kuwa, inda manyan duwatsun da ruwa ya zaizaye gindinsu ke tsaye a gaɓa, uwargida ba ta samu wankan da aka yi mata alkawari ba, domin igiyar Atalantika a nan ta 'yan wasan sululu ce, jan ruwan kuma yana da haɗari ga mai iyo. Wannan gaɓa da ta kudu maso gabas su ne kuma suka fi shan wahalar ciyawar tekun sargassum, wadda tun 2011 take taruwa a rairayi a wasu watanni tana ruɓewa da wari.

Ranar Juma'a maigida ya yi salla a masallacin da ke Kensington New Road a Bridgetown, cikin ƙaramar al'ummar Musulmi da akasarinsu zuriyar fataken Gujarat ne na Indiya. Da dare suka tafi Oistins, garin masunta inda ake gasa kifi a sarari kowace Juma'a, hayaƙi da kiɗa da layukan mutane, 'yan ƙasa da baƙi a kan benci ɗaya. Sun ci abincin da ƙasar ke taƙama da shi, kifi mai tashi da cou-cou, wanda ya yi kusa da tuwon masara, sai dai a cikinsa ake tuƙa kuɓewar. A wannan gari ne a 1652 masu gandu suka sa hannu kan yarjejeniyar miƙa wuya ga rundunar majalisar Ingila, bisa sharaɗin ba za a ɗora musu haraji ba sai da yardar majalisarsu.

Abin da lamarin ya nuna

Idan aka auna makon da ma'aunin da iyalin suka zo da shi, uwargida ta samu hutun da bai kai wanda ta nema ba, maigida kuma bai ga rabin jerin wuraren da ya rubuto ba. Kogon Harrison, da injin iska na Morgan Lewis, da arewacin tsibirin gaba ɗaya duk sun tsallake, ranar ƙarshe kuma aka bar ta ga teku ba tare da wani shiri ba, domin kowa ya gaji. Kuskuren lissafin a bayyane yake: kilomita 34 a taswira ba ta nuna cunkoson shiga Bridgetown da safe, ko kwane-kwanen hanyoyin cikin gandaye, ko cewa yawancin layukan bas sai sun koma birni kafin a canza zuwa wata gundumar. Wuri biyu na tarihi a rana shi ne iyakar abin da zafi da hanya suka bari.

Abu mafi muhimmanci shi ne yadda kasuwar yawon buɗe ido ke jera wa baƙo abin da zai gani. Jirgin kallon kunkuru, da gidan ubangida, da masana'antar giyar rake duk suna da tikiti da motar ɗauka daga masauki da takardar talla a kowane otal, saboda akwai mai cin riba a bayansu. Maƙabarta da shataletale da unguwar gidajen katako ba su da mai sayar da su. Tun da yawon buɗe ido ya karɓi matsayin rake a tattalin arzikin ƙasar, har masana'antar sukari ɗaya tak ta rage, a Portvale, kuma Birtaniya ta daɗe tana cikin manyan masu turo baƙi, ba abin mamaki ba ne a ce labarin da aka fi sayarwa shi ne wanda ba zai ɓata wa mai hutu rai ba. Amma ba daidai ba ne a ce Barbados tana ɓoye tarihinta. Ita ce ta sauke Nelson, ita ce ta sanya Bussa cikin gwarazan ƙasa a 1998, a daren da ta zama jamhuriya kuma, 30 ga Nuwamban 2021, lokacin da Sandra Mason ta karɓi shugabanci, Yarima Charles, mai jiran gadon sarautar Birtaniya a lokacin, ya tsaya a Bridgetown ya ambaci munin bauta a bainar jama'a. Ɗan ƙasar, masanin tarihi Hilary Beckles, shi ke jagorantar hukumar neman diyya ta ƙungiyar ƙasashen Karibiyan, CARICOM. Giɓin yana tsakanin abin da ƙasar ke faɗa wa kanta da abin da ke isa ga baƙo a teburin karɓar baƙi.

Wurin da maigida ya fi so ya gani, Drax Hall, ba a buɗe yake ga masu ziyara ba, sai dai suka hango gonakinsa daga titi. Gandun, mai eka fiye da 600, har yanzu yana hannun zuriyar James Drax, kuma wanda ya gaje shi, Richard Drax, ɗan majalisar dokokin Birtaniya ne a lokacin tafiyar. A 2024 gwamnatin Barbados ta shirya sayen kimanin eka 50 daga cikinsa a kan kusan fam miliyan 3 domin gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi, sai jama'a da masu fafutukar diyya suka yi caa, suna cewa bai kamata jikokin bayi su biya jikan ubangida kuɗin ƙasar da kakanninsu suka mutu a kanta ba. Cikin watan Afrilun shekarar Firaminista Mottley ta sanar da dakatar da cinikin.